Na'ura Uku a Gonar Ranuna

Sai da na kwana huɗu a Madina kafin na gane ba aikin da aka ce mini zan yi ba ne. Mutumin da ya shirya mini tafiyar a gida cewa ya yi kamfanin gyaran kayan asibiti ne ke neman mai hannu a harkar lantarki. Ni kuwa shekara tara na yi a rumfata a Gusau, da farko ina gyaran rediyo da waya, daga baya na koma gyaran na'urorin gano ƙarfe da masu haƙar zinare ke kawo mini daga daji. Da na ji asibiti, kuma a Madina, ban tsaya dogon bincike ba.

Abin da na tarar shago ne a unguwar Aziziyya, tsakanin mai gasa burodi da mai sayar da tayoyi. A gaba ana sayar da fitilu da kyamarorin tsaro, a ciki kuma an jera na'urorin gano ƙarfe a jikin bango. Mai kula da shagon ana ce masa Abu Rayan, mutum ne mai fara'a, ba ya rabuwa da carbi. Da 'yar Larabcin da na koya a Islamiyya na tambaye shi ina asibitin.

"Wane asibiti?" in ji shi, yana dariya. Ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun teburinsa ya murza makulli. "Nan ne aikinka, ya Lawali. Ka ce Alhamdu lillahi."

Na ce Alhamdu lillahi.

Ɗakin da aka sauke ni mu shida ne a ciki, gadaje hawa biyu, da na'urar sanyaya ɗaki guda mai tari kamar tsohon jaki. Bahaushe ɗaya ne a cikinsu, Isuhu, mutumin Maraɗi, mai dako a kasuwar dabino. Shi ya nuna mini motar da zan hau zuwa Harami, da inda ake samun shinkafa mai arha, da sa'o'in da mai hankali ba ya fita rana. Ya kuma ce mini kada in yi gardama da kowa sai ikamata ta fito, wato katin zama. Ta fito bayan wata guda. A wurin sana'a an rubuta lebura.

Zafin garin ban saba da irinsa ba, ni da na taso a Gusau. Iskar ce take ƙuna, kamar an buɗe murhu a fuskarka. Wata rana da la'asar na kira matata Saratu, muna cikin magana sai na ji wata ƙara a bayanta. Na ce mene ne wannan? Ta ce ruwa ne ake yi, a kan kwanon ɗakinmu. Na ce ta yi shiru tukuna. Na tsaya a bayan shagon, wayar a kunnena, ina sauraren ruwan har katina ya ƙare. Kafin nan ta tambaye ni yaya asibiti, na ce lafiya lau.

Na'urorin shagon iri uku ne, biyu na san su tun a gida. Akwai ƙarama marar nauyi, mai allo a hannu, wadda ke bambance ƙarfe da ƙarfe: ƙusa kukanta daban, tagulla daban, azurfa daban. Ba ta shiga ƙasa da nisa. Akwai babba mai faffaɗan faifai da batir da ake ratayawa a kafaɗa, irin ta masu zinare. Ita tana ji har can ƙasa, amma duk abin da ta ji kuka ɗaya take yi masa. Ta ukun ce baƙuwa gare ni. Tana zuwa cikin akwati mai kyau da soso a ciki, tana da mariƙi kamar na bindigar wasa da tsinkayen ƙarfe biyu masu juyawa. Wai daga nesa, ko daga bayan tudu, za ta juya ta nuna maka inda zinare ko azurfa yake. Ita ce mafi tsada, ita kuma Abu Rayan ya fi so a saya.

Wata rana aka dawo da guda mai tsinkayen wai fitilarta ba ta kamawa. Na kwance ta. A ciki na sami batir, da 'yan fitilu huɗu, da waya guda da ba ta haɗe da komai ba, sai wani guntun ƙarfe da aka manne don ta yi nauyi a hannu. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, ina neman abin da ido ya tsallake. Babu. Na kai wa Abu Rayan a buɗe.

Ya dube ta, ya dube ni. "Wa ya ce ka buɗe? Gyara fitilar ka rufe."

A ranar na fahimci dalilin kawo ni. Yawancin masu sayen na'urorin nan mutanenmu ne, 'yan Nijar da Chadi da Sudan da Najeriya, masu zuwa Umra su saya su tafi da su dajin zinare. In suka ji Hausa a bakin mai shago, hankalinsu kwanciya yake yi.

Ba zan ɓoye ba, an sayar da masu tsinkaye biyu ina tsaye ina fassara. Ɗaya wani dattijo ne daga Agadas. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, tana aiki dai ko?" Na ce, "Haka mai shagon ya ce." Ya ɗauka na ce masa i. Ban san sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba. Isuhu da na ba shi labari, sai ya miƙo mini dabino.

A wata na biyar wani tsoho ya shigo, baƙi, dogo, cikin farar jallabiya, yana zuba Larabcin mutanen Madina tiryan-tiryan. Na ɗauka ba abin da ya haɗa mu. Yana cikin magana da Abu Rayan sai ya juyo ya ƙura mini ido.

"Kai, ya waladi, ɗan ina ne?"

Hausa ce, amma irin wadda rabona da jin ta tun kakata tana da rai, an kuma yayyafa mata Larabci. Na durƙusa na gaishe shi. Sunansa Baba Bakur. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi shekaru a hanya ta Chadi da Sudan, ya zo ya zauna. Shi a nan aka haife shi, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya, tun daga nan kuma abin da ya ɗauke masa hankali shi ne neman tsofaffin kuɗi: kirshi, da halala ta da, da riyal na azurfa. Da sassafe yakan shiga wuraren shaƙatawa, waɗanda suke ce wa hadika, musamman waɗanda a da gonakin dabino ne. Ba ya tona ciyawar hukuma, in ji shi, sai wurin yashi da gindin bishiya, kuma abin da ya ga ya tsufa ƙwarai hukuma yake kai wa. Zobe ko makulli kuwa, masu gadi yake miƙa wa, su ajiye wa mai shi. Duk sun san shi.

Tasa na'urar ta mutu, sabuwa yake so, kuma idonsa na kan mai tsinkaye. Sai dai ya kafa sharaɗi: a kai duka ukun gonar ƙanensa a Ranuna, kudu da masallacin Kuba, a gwada a gabansa.

Abu Rayan ya yarda nan take. A mota, muna tafe, ya koya mini abin da zan yi. "Kai za ka riƙe. Ka lura da inda suka binne. Ka ɗan karkata hannunka kaɗan, ita za ta juya da kanta. Ba wanda zai gani."

Gonar an mai da rabinta wurin hutawa, iyalai na kamawa su yini. Akwai lilo, akwai wurin gashi, sauran kuma dabino ne. Ƙasar cike take da baƙin dutse mai ƙofofi, irin wanda ya kewaye Madina ta wannan ɓangaren. Ina ganinsa na san za a sha wahala, domin irin wannan dutse yana da sinadarin ƙarfe a jikinsa, yana rikita na'ura. Baba Bakur ya zo da ɗansa Usama, magidanci mai shagon gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. In uban ya yi masa Hausa, shi da Larabci yake amsawa. Usama ya ɗauki ƙaramin shebur ya binne kirshi guda a zurfin taƙi, ya binne riyal na azurfa a zurfin kamu ɗaya, ya kuma warwatsa ƙusa da murafun kwalba a tsakani. Bai ɓoye ba. Ko ya ɓoye ma, sabuwar ƙasa a fili take.

Na fara da ƙaramar. Ina kunna ta ta hau surutu kamar kaji, saboda dutsen. Na ɗaga faifan na sauke, na ɗaga na sauke, har na daidaita ta da ƙasar wurin ta yi shiru. Ta wuce ƙusa da gurnani. Murfin kwalba ɗaya ya ruɗe ta, sauran ta gane su. A kan kirshin ta yi kuka siriri mai tsabta, ta kowane gefe na biyo. A kan riyal ɗin kuwa ko uffan, ya yi mata zurfi.

Na rataya babbar. Ita dutsen bai dame ta ba ko kaɗan, kuma ta ji riyal ɗin tun ban iso kansa sosai ba. Amma haka ta yi wa ƙusa, haka ta yi wa kowane murfi, har da wata tsohuwar waya da ba mu san da ita ba. Na ce wa Baba Bakur a daji ita ce sarauniya, amma a wurin da mutane ke cin abinci suna zubar da tarkace, zai yini yana tonon shara. Na ba shi ya ɗaga. Ya ɗaga ya ajiye, yana murza kafaɗa.

Saura ta uku. Abu Rayan da kansa ya buɗe akwatin, ya ɗaura tsinkayen, ya kunna fitilun, ya miƙo mini. Na tsaya a bakin fili. Ga inda riyal yake can, ina kallonsa. Fasfona na cikin aljihun teburin mutumin nan, ikamata da sunan shagonsa, ko kuɗin mota zuwa Jidda ba ni da shi.

Baba Bakur ya matso kusa da ni. A hankali ya ce, "Lawali, da ni ubanka ne, wacce za ka ce in ɗauka?"

Na ce, "Ƙaramar, Baba. Wannan ba komai a cikinta. Na buɗe na gani, batir ne da fitila."

Na yi maganar ƙasa-ƙasa, kuma da Hausa, ina ganin ta tsaya tsakaninmu. Na manta da Usama. Yana bayanmu, ya ji sarai, sai ya ɗaga murya da Larabci: "Wai ba komai a cikinta? Batir da fitila kawai?"

Abu Rayan ya ce ƙarya ne, yaron bai iya aiki da ita ba. Usama ya karɓe ta daga hannuna, ya rufe ido, ya juya sau uku a tsaye, ya miƙa hannu. Tsinkayen suka yi lilo suka tsaya suna nuna bandaki. Ya sake, suka nuna motar Abu Rayan. Ba wanda ya yi dariya. Abu Rayan ya tattara na'urorinsa ya zuba a mota, ya ja ya tafi, ya bar ni tsaye a gonar.

Baba Bakur ya yi wa ɗansa faɗa sosai, rabi Hausa rabi Larabci, wai bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Daga nan suka tafi da ni gida. Matarsa, Hajja, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Wata biyar rabona da tuwo. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa sosai ba, tunanin gobe ya cika mini ciki.

Washegari Abu Rayan ya tare ni a ƙofar shago. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba aiki, ba fasfo, kuma zai kai rahoto cewa na gudu daga wurin aiki. Wanda aka rubuta wa haka, duk inda aka kama shi sai gidan tsare baƙi, daga nan a sa shi a jirgi.

Isuhu ne ya ba ni dabara. "Kada ka kwanta a ɗaki. Kullum ka je ƙofar shagon a kan lokaci, ka ɗauki hoton kanka da allon shagon a bayanka, ka tsaya har a tashi. Wanda ke tsaye a ƙofa ba a ce ya gudu."

Haka na yi kwana goma sha shida. Ina zuwa in tsaya a 'yar inuwar da ke tsakanin shagon da gidan burodi, in inuwar ta matsa in matsa. Mai gasa burodin, wani ɗan Afganistan da ba mu jin yaren juna, tun rana ta biyu ya fara miƙo mini burodi mai zafi ta taga, da shayi a kofin takarda. In na sa hannu a aljihu sai ya ɗaure fuska ya juya baya.

A kwanakin nan ne na gaya wa Saratu gaskiya, tun daga asibitin da babu shi. Ta ce, "Na daɗe da sanin akwai wani abu. Mutumin da ke aiki a asibiti ko sau ɗaya bai taɓa ba ni labarin marar lafiya ba." Ta ce in abin ya gagara in dawo, ƙanena bai bar rumfar ta mutu ba. Ta kuma ce kada in ƙara yi mata irin wannan ɓoyon.

A rana ta tara sai ga Baba Bakur da kujerar roba da butar shayi. Ya ajiye kujerar kusa da ni, daidai ƙofar shagon, ya zauna. Bai shiga ba, bai ce wa Abu Rayan komai ba ban da sallama. Duk Bahaushen da ya nufo shagon sai ya gaishe shi, ya tambaye shi garinsu, ya zuba masa shayi. In an tambaye shi me yake yi a nan, sai ya ce, "Ɗana nake taya tsayuwa." In an tambayi dalili, sai ya ce a tambaye ni. Ni kuwa yanzu ba abin da ya rage mini in ɓoye. Ya yi haka kwana bakwai, da shekarunsa, a cikin wannan zafi. Shi kuma Usama ya kai ni ofishin ƙwadago muka shigar da ƙara, ya cike mini takardun, ya nuna hotunan da na ɗauka.

A rana ta goma sha shida Abu Rayan ya fito ya miƙo mini fasfona ba tare da ya dube ni ba, ya ce wa Baba Bakur don Allah ya ɗauke kujerarsa. Sauya mini wurin aiki zuwa shagon Usama ya ci wata biyu, da zirga-zirga da jira a layi. Abu Rayan yana nan da shagonsa har yau. Na ji an ce ya sauke masu tsinkayen daga bango, amma ban sani ba ko a ƙarƙashin tebur suke.

A wurin Usama aikina gyaran allunan lantarki na na'urorin sanyi. Aiki ne na gaske, kuma ina iya ba Saratu labarinsa. Baba Bakur ya sayi ƙaramar na'urar a wani shago daban, ni na raka shi na duba ta. Sai dai wata ya wuce, wani ya bi, ban ji ya ce ya fita da ita ba. In na tambaya sai ya ce zafi, ko ƙafa.

Usama ne ya gaya mini, muna cin abincin rana a shago. Tsohon ba ya jin siririn sauti yanzu. Magana yana ji in ana kusa kuma yana kallon bakin mai yi, amma kukan na'ura ya daina shiga kunnensa, allon kuma a rana ba ya ganin rubutunsa. Tsohuwar na'urarsa ma lafiyarta lau, tana cikin kabad. Abin da ya sa ya nace wa mai tsinkaye ke nan, don ita nuni take yi. Ya hana a gaya wa kowa.

Na ce wa Usama ya sato mini sabuwar daga gida. A cikin matacciyar waya akwai wani ɗan inji kamar ƙwayar wake, shi ke sa ta rawa in an kira. Na ciro guda, na ja waya daga inda sauti ke fita, na haɗa da 'yan kayan da za su tashe shi, na dasa shi a cikin mariƙin na'urar na naɗe da roba. Na saita ta ta yi banza da ƙusa da sauran baƙin ƙarfe. Sau biyu ina ƙona ɗan injin kafin na uku ya zauna. Da na wuce da faifan a kan kirshi, mariƙin ya yi zirr a tafin hannuna.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba muka ɗauki Baba Bakur zuwa wata hadika kusa da Kuba. Ya zo ne don kada ya ƙi mu, fuskarsa ba walwala. Na miƙa masa na'urar. Ya ce ai ya manta abin sauraronta na sawa a kunne a gida.

Na ce, "Ba sai da shi ba, Baba. Riƙe kawai."

Ya dubi Usama, Usama ya dubi sama. Tsohon ya karɓa. Ya fara shara da faifan a kan yashin gindin wata bishiya, dama, hagu, a hankali, irin ta wanda ya daɗe yana yi. Ya yi taku kamar goma sai ya tsaya cak. Ya dubi hannunsa. Ya koma baya ya sake biyowa, ya sake tsayawa. Ya juya ya biyo ta ɗaya gefen.

Na sunkuya zan tona masa, ya buge mini hannu. Da kansa ya durƙusa, da ƙyar, ya sa ɗan cokalinsa na tono ya kwashe yashin. Ya ɗago wani ɗan kuɗi, ya tofa masa yawu ya goge da babban yatsa, ya kai shi kusa da ido.

"Halala ashirin da biyar," in ji shi. "Ta jiya-jiya ce, ko Usama ya girme ta."

Ya jefa ta a aljihun gaba. Na kama shi ya miƙe. Ya ɗan jima a tsaye yana goge ido da gefen mayafin kansa, mu kuma muka shiga kallon masu share hanya. Sannan ya gyara riƙon na'urar.

"To, ku matsa mana," ya ce. "Kun tsaya mini a kan wurin da ban duba ba."